Lalle

Lalle tsiro ne mai yawan rassa da ake shukawa don ganyensa, don ƙamshin furensa, da kuma yin shinge. Masana tsirrai na kiransa Lawsonia inermis, sunan da masanin tsirrai Linnaeus ya raɗa masa a 1753. Ana samunsa daga Afirka ta Yamma har zuwa Indiya, inda garin Sojat na jihar Rajasthan ya yi fice wajen nomansa.

Tsayinsa kan kai mita 2 zuwa 6 in ba a datse shi ba. Ganyen ƙanana ne masu tsini, biyu-biyu suna fuskantar juna. Furen fari ne, wani da ratsin ja, yana fitowa a cunkushe a kan reshe. Ba shi da girman da zai ja ido, amma ƙamshinsa kan cika tsakar gida da yamma. In ya tsufa, bakin rassansa kan zama ƙaya, shi ya sa yake tare awaki.

Lalle na son rana da zafi, ba ya son ƙasar da ruwa ke kwanciya. Yanayin Birnin Kudu da Gwaram na jihar Jigawa, inda damina ta fi ta arewacin jihar ƙarfi, ya ishe shi ba tare da ban ruwa ba da zarar ya kama. Ana shuka irinsa, ko a yanki reshe a dasa da farkon damina. Sanyin hunturu kan sa ya zubar da ganye, sai ya sake tohowa da bazara.

A ƙasar Hausa ganyen ne abin nema. A shanya shi, a daka, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan lemun tsami. Sinadarin lawsone da ke cikinsa ne ke kama fata da farce ya bar ja. Da can mata kan zura hannu cikin zunguru bayan ƙunshi. Yau leda ta maye gurbinsa. Sa lalle na cikin manyan al'adun biki, dattawa kuma na rina gemu da shi.

Abin da ake kira baƙin lalle ba daga wannan tsiro baƙinsa yake ba. Galibi dayis ake haɗawa, mai sinadarin PPD, wanda kan ƙona fatar wasu har ya bar tabo.