Jami'ar Kachia da Gonar Citta

A farkon shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta karɓi harabar tsohuwar Jami'ar Nok da ke Kachia, ta mayar da ita jami'ar tarayya ta kimiyya da fasaha, aka kuma naɗa Bishop Matthew Hassan Kukah shugaban majalisar gudanarwarta. Mutanen Kudancin Kaduna sun yi murna, kuma da gaskiyarsu, domin sun daɗe suna tura 'ya'yansu Zariya da Jos neman abin da babu a gida.

Sai dai kuskure ne a ɗauka yau ne fasaha ta iso yankin. Mutanen zamanin Nok, waɗanda aka laƙaba wa sunan wani ƙauye na ƙasar Jaba, sun iya narka tama fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Kafanchan kuwa jirgin ƙasa ne ya raya ta tun da ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, har yau unguwar Bayan Loco na ɗauke da sunan shagon gyaran kan jirgi. Ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna inda ake koyar da aikin gona. Abin da aka daɗe ana rashi shi ne igiyar da za ta ɗaure aji da gona.

Damina ta 2023 ta tona wannan rashi. Wata cuta ta auka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko. Manomi zai wayi gari ya ga ganye ya yi ɗorawa, ya sa fartanya ya tono, sai saiwa ta marmashe a hannunsa, ruɓaɓɓiya. Da kuɗin cittar nan ake biyan kuɗin makaranta, ake aurar da 'ya'ya, ake rufin kwano. Har iri na baɗi ya gagari da yawa.

A ganina nan ne ma'aunin sabuwar jami'ar. Yawan tsangayoyi da kyan ƙofar shiga ba za su gamsar da manomin citta ba. Yana bukatar ɗakin gwaji inda za a duba ƙasar gonarsa, a gane ƙwayar cutar, a tace masa iri mai lafiya, sannan a yi masa bayani da harshen da yake ji. Ɗalibin da zai yi wannan aiki kuwa yanzu yana sakandare, a makarantu da dama yana haddace sunayen sinadaran da bai taɓa gani a kwalba ba.

Saboda haka ina kira ga hukumar jami'ar da ta sa citta a sahun farko na bincikenta, gwamnatin jiha kuma ta gyara ɗakunan gwaji na makarantun sakandare, ta tura musu malaman kimiyya.