Birkin taragon kaya: abin da masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa ke tono mana

A Amurka da Ingila akwai mutanen da sha'awarsu ita ce ƙera ƙananan jiragen ƙasa na ajiya a ɗaki. A ma'aunin da aka fi amfani da shi a Amurka, HO, tarago ya kasa na gaske sau 87. Duk da ƙanƙantar nan, gwanayensu sukan kifa taragon su liƙa masa tankin iska, silinda, bawul da sandunan birki, wurin da ido ba ya ma kaiwa. Wani zai ce rashin aikin yi ne. Ni dai ina ganin suna da hujja, domin birkin ne ke faɗin zamanin tarago.

A ƙarni na 19, taragon kaya a Amurka da hannu ake taka masa birki. Direba ya busa usur, sai ma'aikata su hau rufin jirgin yana gudu, suna tsallakawa daga wannan tarago zuwa wancan suna murɗa wata sitiyarin ƙarfe, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, dare ko rana. Da yawa sun zame sun faɗa ƙarƙashin ƙafafun jirgin, wasu kuma gada ce ta make su.

A 1869 George Westinghouse ya yi rajistar birkin iska. Na farkon yana da matsala: idan tiyo ya tsinke, iska ta zube, birki ya tafi ke nan. A 1872 sai ya juya dabarar. Kowane tarago ya samu tankinsa, kuma raguwar iska a bututu ita ke sa birki ya kama. Wato ko jirgi ya rabe biyu, kowane ɓangare zai tsaya da kansa. Kamfanoni sun yi ta jan ƙafa wajen sa wa taragon kaya saboda tsada, har sai da majalisar Amurka ta tilasta musu da dokar 1893.

Ingila kuma haɗarin Armagh na 1889 ne, inda mutum 80 suka mutu, da yawansu yara, ya sa aka wajabta irin wannan birki a jiragen fasinja. Yawancin kamfanonin can sun zaɓi birkin zuƙe iska, shi ne kuma Turawa suka kawo wa layin dogon da ya isa Kano a 1911, wanda ya yi ta sauko da shanu da gyaɗa zuwa Legas.

Mu koma ga masu ƙera ƙananan. Tsohon birkin Amurka samfurin K yawanci tanki da silinda a haɗe suke. Samfurin AB da ya fito a 1933 kuwa kashi uku ne a rarrabe, kuma a farkon shekarun 1950 aka hana taragon K shiga layin wani kamfani. Saboda haka wanda ya ce jirginsa na 1960 ne, amma aka kifa tarago aka ga K, nan take abokansa za su gane.