HATIMI DA FARASHI: TARIHIN TANTANCE AUDUGA A ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI



Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Amma kuwa galibin cinikin duniya a yau irin wannan ne, domin mai saye yana wata ƙasa, haja tana wata, bai gan ta ba, bai taɓa ta ba. Abin da ke sauko da birin ƙasa shi ne shaidar wani na uku, wanda ya duba hajar, ya yanke mata daraja, ya buga hatimi. Maganata a yau ita ce, wanda duk ya riƙe wannan hatimi, to shi ne ya riƙe farashi. Zan fara da wani misali na ƙasashen waje inda abin ya fito fili, sa'an nan mu komo gida, mu ga yadda ya gudana a kan audugar kudancin Katsina.

Misali daga kayan wasan yara

A garin Billund na ƙasar Denmak akwai kamfanin LEGO, wanda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a 1932. Tun 1949 yake ƙera ƙananan tubalan roba masu harɗuwa da juna, waɗanda yara ke gina gida ko mota ko jirgi da su. Kamfanin yakan daina ƙera kowane samfuri bayan 'yan shekaru, daga nan sai wanda ya ajiye nasa ya sayar yadda ya so. Alal misali, samfurin jirgin Millennium Falcon da aka fitar a 2007, mai gutsattsari fiye da 5,000, an sayar da shi a kan dala 500, amma bayan an daina ƙera shi sai da wanda ba a ɓare kwalinsa ba ya kai dubban daloli. Masana tattalin arziki na wata jami'a a Mosko sun bi diddigin samfuri 2,322 na tsakanin 1987 da 2015, suka tarar farashinsu a hannu na biyu yana hawa da kimanin kashi 11 cikin ɗari a shekara.

To, inda kuɗi suka yi yawa haka, jabu da gardama ba sa nisa. Saboda haka aka sami kamfanoni a Amurka waɗanda sana'arsu ke nan: a aika musu da kwali, su duba ko an taɓa buɗe shi, ko ya loɓe, ko rana ta koɗar da launinsa, su ba shi maki, su rufe shi cikin akwatin roba mai kama da gilashi. Kwali biyu masu ɗauke da kaya iri ɗaya sai farashinsu ya yi hannun riga saboda makin nan kawai. A lura da abu guda: mai ba da makin ba shi ne mai saye ba, ladan dubawa kaɗai yake karɓa. Mu riƙe wannan, domin a nan ne labarin audugarmu ya sha bamban.

Kafin zuwan Turawa

Ƙasar Maska, wadda Funtua ke cikinta, ta daɗe da yin suna wajen auduga da saƙa da rini. A wancan zamani ba a bukatar hatimi. Mai kaɗi takan taɓa audugar da hannunta, masaƙi ya ja zaren ya ji ƙarfinsa, dillali kuma ya tsaya tsakani da mutuncinsa, wanda in ya zube sana'arsa ta ƙare. Mai saye da mai sayarwa suna kasuwa ɗaya, gani ya kori ji.

Zamanin fuloti

Al'amarin ya sake ne sa'ad da mai saye ya zama masaƙun Ingila. A 1902 aka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Ingila, watau BCGA, a birnin Mancesta, don a rage dogara ga audugar Amurka. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, Turawa sun zaci audugar Arewa za ta kwarara zuwa teku. Ba haka aka yi ba. Masaƙan gida sun fi BCGA biya, manoman Kano kuwa suka raja'a ga gyaɗa. Har wa yau, zaren audugar gargajiya gajere ne, bai dace da injinan Ingila ba.

Sai aka ɓullo ta hanyar iri. A 1912 aka shigo da irin Amurka mai dogon zare da ake kira Allen. Aka buɗe tashar bincike a Samaru a 1922, aka kuma kafa gonar yaɗa iri a Daudawa, kusa da Funtua, a tsakiyar shekarun 1920. BCGA ta kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, reshen jirgin ƙasa da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Da haka wannan yanki ya zama cibiyar audugar Nijeriya.

Tsarin yana da ƙafa uku, kamar murhu. Ta farko, iri ɗaya tak ake rabawa manoma kyauta ta hannun En'e da hakimai da dagatai. Hikimar ita ce, ido ba ya iya auna tsawon zare a kasuwar ƙauye, amma in iri ɗaya kowa ya shuka, an san tsawon tun kafin a tsinka. Ta biyu, ba a sayar da wannan auduga sai a fulotin da hukuma ta amince da shi, a lokacin da ta buɗe. Ta uku, a kowane fuloti akwai malamin duba, wanda ake baje masa auduga ya duba haskenta da tsabtarta, ko tana da tabon ƙwari ko ganye ko ƙasa, ya ce lamba ɗaya ce, ko biyu, ko uku, kafin a kai ta sikeli. Waɗannan su ne darajojin da aka riƙa rubutawa NA1 da NA2 da NA3, kowace da farashinta. Bayan kaka kuma doka ta tilasta a tuge karan auduga a ƙone, don kada tsutsa ta sami maɓoya har damina.

Wa ya ci ribar hatimin?

A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Auduga, ta zama ita kaɗai ke da ikon saye don fitarwa waje, ta hannun wakilai masu lasisi. A 1954 aikin ya koma hannun Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa, a 1977 kuma aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya, aka sa hedkwatarta a Funtua.

Lalle tsarin ya yi amfani. Manomi ya san farashi tun kafin a buɗe fuloti, ya kuma san cewa in ya ware fara daga mai tabo zai ga bambanci a aljihunsa. Mai saye a ƙetare yakan sayi audugar Nijeriya bisa lambarta ba tare da ya kwance ɗauri ba. Rarar kuɗin hukumar ta shiga ayyukan raya Arewa, har da masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957.

Amma tsarin yana da babban aibi. Mai yanke daraja da mai yanke farashi da mai saye duk ɓangare guda ne, watau hukuma da wakilanta. Shekaru da dama abin da ake biyan manomi bai kai abin da audugarsa ke samowa a kasuwar duniya ba, ba shi kuwa da wata kasuwar da zai juya. In an ce audugarsa lamba biyu ce, da wuya ya sami inda zai kai ƙara. Ƙorafin manoma a kan tauye sikeli, da neman na goro kafin a ba da lamba ɗaya, da jinkirin biya, sananne ne ga duk wanda ya zauna da dattawan yankin. Ba abin mamaki ba ne da yawa suka koma ga masara sa'ad da ta fi riba.

Bayan 1986

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe hukumomin ciniki a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. A wannan shekarar ce kuma aka kafa kamfanin PCGS a Amurka, don tantance tsofaffin tsabar kuɗi ga masu tara su. Watau sa'ad da wasu ke gina hatimi mai zaman kansa don kayan sha'awa, mu muka yar da namu a kan abin da miliyoyin mutane ke ci da shi.

Manomi ya sami 'yancin sayarwa ga wanda ya ga dama, wannan kuwa ci gaba ne. Sai dai masu saye sun bazu cikin ƙauyuka suna saye da nauyi, ba ruwansu da daraja. Da fara da mai datti suka zama kuɗi ɗaya, wahalar tsincewa ta zama asara. Wasu ma suka shiga yayyafa ruwa ko zuba yashi don ƙarin nauyi. Iri ya cakuɗe a wuraren gurza. Buhun leda ya maye gurbin na algarara, zarensa kuwa in ya shiga auduga ba ya kama rini, sai ya ɓata yadi sukutum. Wake ɗaya ke ɓata gari: mai saye na nesa, tun da ba shi da shaidar da zai dogara da ita, sai ya yi wa kowa farashin mafi muni, mai gaskiya ya biya bashin maha'inci. Ba wannan kaɗai ya durƙusar da masaƙunmu ba, akwai rashin lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa, amma yana cikin dalilan da ba a cika ambata ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna mana hali biyu. Kafin 1986 akwai hatimi, amma yana hannun mai saye. Bayan 1986 akwai masu saye barkatai, amma hatimin ya rasa ƙarfi. Hali na uku, wanda yankin bai taɓa ɗanɗana ba, shi ne mai dubawa wanda ba ya saye, ba ya sayarwa. A Amurka ma'aikatar gona ce ke auna kowane ɗaurin auduga da na'ura, tsawon zare da ƙarfinsa da launinsa, manomi ya biya ladan awo, ya riƙe takardarsa ya nemi mai saye.

Ma'aikatan da ke zauren nan, da ɗaliban da za su gaje su, su ne za a damƙa wa duk wani shirin farfaɗo da auduga. Ina roƙonsu, kafin a yi maganar raba iri da taki, a fara amsa tambayoyi uku: wa zai duba, wa zai biya shi, ina kuma manomi zai kai ƙara in bai yarda da lambar da aka ba shi ba?