Yadda Bakin Turawa Ya Gudu Ya Bar Alƙalami a Baya

Duk malamin Turanci da ya taɓa duba takardun WAEC ya san inda ɗalibai ke tuntuɓe: taught da thought, bought da brought, sai led da ake rubutawa lead. Ko a Landan ana wannan fama, kuma rikicin ya daɗe ƙwarai.

Shekara dubu da suka wuce, Turancin Ingila na da hanya biyu ta nuna aikin da ya shuɗe. Wasu aikatau sukan sauya wasalin cikinsu, sing ya koma sang. Wasu kuma sai a liƙa musu ɗafa-ƙeya, wadda ta zama -ed ta yau. Masanin harshe na Jamus, Jacob Grimm, ya kira rukunin farko ƙarfafa, na biyu raunana. Abin dariya, raunanan ne suka ci kasuwa. Wani bincike da masana na Jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar Nature a 2007 ya bi sawun aikatau 177 da ba sa bin ƙa'idar -ed a tsohon Turanci, ya tarar 98 kawai suka rage a haka. Da holp ake cewa, yau helped. Waɗanda suka yi taurin kai su ne na bakin kowa kullum.

Haruffan gh da ke cikin thought da brought, waɗanda yau ba wanda ke furta su, a da suna da aiki. Zamanin mawaƙi Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin خ na Larabci. Har yanzu Bajamushe na furta shi a dachte da brachte, mutumin Sikotilan kuma a thocht. A 1476 William Caxton ya kafa maɗaba'a ta farko a Ingila, a Westminster, rubutu ya fara daskarewa a kan takarda daidai lokacin da lafazi ke ta sauyawa. Sautin ya mutu a bakin mutanen Landan, haruffan suka zauna daram. Shi kuwa caught baƙo ne ma: catch ya shigo daga Faransancin Normandiyawan da suka ci Ingila a 1066, ya ari siffar wata tsohuwar kalma mai nufin cafkewa.

Wani abin kuma kwaikwayo ne kawai. Babu l a asalin could. Marubuta suka cusa ta don ya yi kama da would da should. Went ma ba ɗan gidan go ba ne, daga wend aka ɗauko shi. Shi kuma led, abu biyu ke jan hannun mai rubutu: read da ba ya canza haruffa ko aikin ya shuɗe, da sunan dalma, lead, wanda furucinsa ɗaya da led.

Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 da na Noah Webster na 1828 sun ƙara kafe rubutun, kowanne a ƙasarsa. Ba'amurke yakan rubuta learned da spelled, Baturen Ingila yana riƙe da learnt da spelt, su ne kuma makarantun Najeriya suka gada. Amma a Amurkar aka ƙago dove a madadin dived, bisa kwaikwayon drove.