Daga Kanwa Zuwa Omeprazole: Tafiyar Ƙwannafi a Kaoje

A ƙarni na 19, fataken da ke bin hanyar Gwanja suna ƙetare Kwara su ratsa ƙasar Bargu, jakunansu ɗauke da kanwar Barno, su dawo da goro daga Salaga. Kaoje na cikin wannan yankin, kuma kanwa ta daɗe da zama a madafin gidajensa. Dattijo in ya ji ƙirji na zafi bayan tuwon dare, ruwa mai tsami na taso masa har maƙogwaro, sai a jiƙa masa 'yar kanwa ya kurɓa, ya yi gyatsa, ya samu barci. Tsofaffi ba su yi kuskure ba, domin sinadarin kanwa yana kashe kaifin ruwan tsamin ciki nan take. Illarta ita ce gishirin da ke cikinta, wanda ke tayar da hawan jini ga mai yawan sha. Shi kuwa goron da ayarin ke dawowa da shi, yana cikin abubuwan da ke tsokano wa wasu ciwon.

Da shagunan magani suka yaɗu, farin ruwan nan na Mist Mag ya karɓi aikin kanwa. Babban sauyi ya zo a 1976 da cimetidine, maganin da ke rage fitar ruwan tsamin tun daga tushe, aikin ayarin James Black a Ingila. Ranitidine ya biyo baya a 1981, omeprazole ya fito daga Suwidin a 1988. A 2020 Amurka ta janye ranitidine saboda gurɓataccen sinadarin da aka gano a cikinsa. Yau kuwa omeprazole har a faifan 'yan talla ake samunsa ranar kasuwa, a nan da Tsamiya da Segbana ta Benin, rana na dukansa.

Abin da ya fi damuna shi ne suna. Kalmar ƙwannafi ta ja baya, kowa yanzu “ulsa gare ni” yake cewa. Alhali ulsa, wato gyambon ciki, rauni ne a jikin tumbi ko farkon hanji, yawanci daga ƙwayar cutar da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostareliya a 1982, ko daga yawan shan maganin ciwon jiki irin diclofenac, wanda manomi ke haɗiya bayan wuni a fadama. Ƙwannafi kuwa sakin ƙofa ne: tsokar da ke rufe bakin tumbi ta yi sanyi, sai tsami ya hau sama. Wanda ya ɗauka ulsa ce sai ya riƙa cika ciki da tsakar dare don kada yunwa ta taɓa gyambon, ya kwanta a kai, ciwon ya ƙaru. Da azumi ma haka: sahur mai maiƙo, sallar asuba, sai shimfiɗa.

Mai fama da ƙwannafi ya ci abincin dare awa 3 kafin kwanciya, ya ɗaga kan gado da bulo, ya kwanta ta hagu, ya bar taba, ya rage teɓa. Omeprazole ana shansa minti 30 kafin karin kumallo, na 'yan makonni, da shawarar likita. Amma in loma ta fara sarƙewa, ko jiki na ramewa, ko bayan gida ya yi baƙi, ko aka yi aman jini, lokacin shagon magani ya wuce. Sai a kama hanyar Birnin Kebbi ko Sakkwato, a nemi inda za a zura na'ura a duba cikin.