Abubuwan Da Ke Jikin Motocin Dauri Waɗanda Yaran Yanzu Ba Su Sani Ba

Tarihinmu na yau a kan mota yake. Duk mazaunin Legas ko Ibadan ko Shagamu ya san harkarmu a nan Kudu da mota take tafiya. Goro a mota yake hawa Arewa, shanu da albasa da tumatir a mota suke saukowa, kuma da yawa cikin iyayenmu a bayan babbar mota suka fara shigowa ƙasar nan. Sai dai motar wancan zamani ta sha bamban da wadda muke hawa yau. Akwai abubuwa a jikinta da idan aka nuna wa matashin direba sai ya tsaya yana kallo, bai san amfaninsu ba. Kowanne kuwa akwai matsalar da ta sa aka ƙirƙiro shi.

Mu fara da tada mota. A farkon zamani babu maganar murɗa makulli. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ake zurawa ta wata kafa a gaban motar, ya kama injin, mutum ya duƙa ya juya shi da ƙarfin damtse har ta kama. Aiki ne mai haɗari, domin wani lokaci injin yakan buga baya, ƙarfen ya dawo ya karya wa mutum hannu. Shi ya sa ake koya wa yaran mota kada su zagaya babban yatsa a jikin ƙarfen, su haɗa shi gefe ɗaya da sauran yatsu. A shekarar 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da motar da wutar batir ke tayarwa, bisa aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. Duk da haka ba a jefar da ƙarfen ba. Morris Minor, wadda aka daɗe ana tasi da ita a Ibadan da Legas, da ƙarfenta take zuwa. Haka ma Land Rover ta dauri. Idan batir ya mutu a tsakiyar daji, babu mai turawa, ƙarfen nan shi ne abokin tafiya.

Kafin a tada ta da sanyin safiya kuma sai an ja cok. Wani ɗan maɓalli ne kusa da sitiyari, idan aka jawo shi yakan rage iskar da ke shiga kafireta, mai ya yi yawa, injin ya samu ya kama. Da ya ɗumama sai a mayar. Direban da ya manta bai mayar ba, zai ga mai yana zurarewa, baƙin hayaƙi na bin sa, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

Ga wata kalma da muke ji kullum a bakin direbobin Kudu: tirafiketa. Kowa ya ɗauka sunan fitilar sigina ce mai ƙyaftawa. Asalinta kuwa wani ɗan hannu ne mai tsawon kamar taƙi ɗaya, yana kwance a ɓoye cikin ginshiƙin ƙofa. Idan direba zai karya kwana sai ya taɓa maɓalli, hannun ya miƙe waje da 'yar fitila ruwan ɗorawa a cikinsa. Da ya tsufa yakan maƙale, sai direba ya bugi ginshiƙin daga ciki kafin ya fito. Volkswagen Beetle ta rabu da shi a 1960, Morris Minor a 1961. Turawan da suka kawo kalmar sun daina amfani da ita tuntuni, mu kuwa a Najeriya har gobe tana bakinmu.

Rage hasken fitila ma da ƙafa ake yi. Akwai wani maɓallin ƙarfe a ƙasa, gefen kuloci, direba ya taka shi haske ya sauka, ya sake takawa ya ɗaga. A wasu tsofaffin motocin Ford na Ingila kuma waifa ba da lantarki take aiki ba, zuƙar iskar injin ce ke kaɗa ta. Matsalar ita ce idan aka danna totur ana hawan tudu, zuƙar takan ragu, sai waifa ta yi sanyi ko ta tsaya cak, daidai lokacin da ake bukatarta. A Land Rover kowace waifa da ɗan injinta, da ɗan mariƙin da za a juya da hannu idan ya ƙi. A ƙasan gilashin gaba akwai wasu marufai biyu da ake turawa iska ta shigo, su ne na'urar sanyaya ɗaki ta wancan lokaci. Ƙananan motoci kuma suna da 'yar taga mai kusurwa uku a ƙofar gaba, ana karkata ta ta kwararo iska zuwa ƙirjin direba ko ana yayyafi.

Motar da ta fi kowace tara abin mamaki a cikin waɗanda muka sani ita ce Beetle, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira Ijapa, wato kunkuru. Injinta a baya yake, but ɗinta a gaba. Ba ta da lagireto, ba a zuba mata ruwa, fanka ce ke hura wa injin iska. Batirinta a ƙarƙashin kujerar baya yake. Har zuwa 1961 ba ta da agogon mai. Direba zai yi ta tafiya sai ya ji mota ta fara shaƙewa, sai ya sa ƙafa ya ture wani ɗan ƙarfe da ke ƙasa, ya buɗe ajiyar mai ta kimanin lita 5, wadda za ta kai shi gidan mai. Wanda ya sha mai ya manta bai mayar da ƙarfen ba, ranar da ta sake shaƙewa babu sauran ajiya, sai tafiyar ƙasa da galan a hannu.

Ba a nan ta tsaya ba. A samfurin baya, ruwan wanke gilashi ba famfon lantarki ke tura shi ba. Wani siririn tiyo ne ya taso daga safaya taya zuwa robar ruwan, iskar tayar ce ke feso shi. An sa wani ɗan bawul da ke rufewa idan iskar ta ragu zuwa wani mataki, don kada mutum ya wanke gilashi ya wayi gari safayarsa a kwance. A Jamus, cikin shekarun 1950, har 'yar tukunyar fure ake sayarwa ana maƙalawa a gaban direba. An daina ƙera wannan mota a Meziko a watan Yulin 2003, bayan an yi sama da miliyan 21.

Faransawa ma ba a bar su a baya ba. A 1955 kamfanin Citroën ya fito da DS, motar da ba ta da sifirin na ƙarfe irin na sauran motoci. A kan matsin mai da iskar gas take zaune. Idan ta kwana takan durƙusa har ta kusa taɓa ƙasa, da an tada ta sai ta ɗago a hankali kamar raƙumi. Direba na iya ƙara mata tsayi idan hanya ta ɓaci. Canjin taya ma ba sai da jak ba: a ɗaga ta sama, a sa mata matokari a gefe, a sauke ta, sai tayoyin gefen su rataye. A maimakon birki irin wanda muka sani, wani ɗan dunƙulen roba ne a ƙasa. Daga 1967 fitilunta na ciki suna juyawa tare da sitiyari, su haska kwana kafin a shige ta. A ranar 22 ga Agusta 1962 'yan bindiga suka buɗe wa shugaban Faransa Charles de Gaulle wuta a wajen birnin Faris yana cikin DS. Harsasai sun fasa mata tayoyi, amma direban ya iya riƙe ta ya fice da gudu.

Mu dawo gida. Dattawanmu suna tuna lokacin da sitiyarin motocin ƙasar nan yake hannun dama, ana tuƙi ta gefen hagu irin na Ingila. Ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma tuƙi ta dama, don mu daidaita da maƙwabtanmu irin su Nijar da Kamaru da Dahomey, wadda yanzu ake kira Benin. Shekara uku bayan haka, a 1975, masana'antar Peugeot ta Kaduna da ta Volkswagen ta Legas suka fara harhaɗa motoci. Lokacin ya zo daidai da kuɗin Udoji, ma'aikata suka samu abin hannu, tituna suka cika. Masana'antar Legas har wata mota ta fitar mai sunan gida, Igala. An kuma kafa na manyan motoci: Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Enugu, Steyr a Bauci, da ta Fiat a Kano.

Peugeot, wadda muke kira Fijo, ita ce ta zama tamu. Samfurin 404 ya fito a 1960, giyarsa a jikin sitiyari take. Wannan ya bar gaban motar a buɗe, shi ya sa a-kori-kura ke ɗaukar mutum uku a gaba ba tare da gwiwar kowa ta tokare giya ba. Ita kuwa 504 ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Safayarta a waje take, cikin wani kwandon ƙarfe a ƙarƙashin but, saboda haka idan taya ta yi faci ba sai an sauke kaya ba. Doguwar cikinsu mai layin kujeru uku ita ta riƙe tashoshinmu shekara da shekaru, daga Legas zuwa Kano, daga Onitsha zuwa Jos. Gwamnati ma ita ta riƙa a matsayin motar ofis a zamanin Janar Obasanjo na soja. A Turai an daina ƙera ta tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har wajen 2006.

Manyan motoci kuma suna da nasu kayan da ba daga masana'anta suka zo ba. Kai da ƙashin motar kawai ake sayowa, kafintocin gida su gina bodin katako, masu fenti su zana dawisu ko zaki, su rubuta karin magana a goshi. Yarbawa suka sa wa irin ta fasinja suna Bolekaja, ma'ana sauko mu yi faɗa, saboda matsin cikinta ba ya barin a yi rigima sai an sauka ƙasa. Babban kayan aikin yaron mota shi ne weji, wani guntun katako mai mariƙi. Idan mota ta gaza a kan tudu, birki ba abin dogaro ba ne, shi zai diro da gudu ya cusa wejin a bayan taya. Ran direba da na fasinja da dukiyar fatake duk suna rataye a kan saurin yaron nan.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma gaskiya ba komai na dauri ne ya fi na yanzu ba. Motocin nan ba su da bel, gabansu ƙarfe ne tsantsa, sitiyarinsu kan soki ƙirjin direba idan aka yi karo. Bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu kamfanin Volvo na Suwidin ne ya fito da shi a 1959, ya kuma bar wa sauran kamfanoni su yi amfani da shi kyauta. A nan gida sai bayan kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988 aka fara maganarsa da gaske, aka tilasta ɗaura shi daga farkon 2003. Tokar sigari ma da mazubinta a kowace ƙofa, da abin kunna ta a gaban direba. Ramin abin kunna sigarin nan shi ne ya rage har yau muke cajin waya da shi.

Abin da muka rasa shi ne iya gyara. Direban 504 yana tafe da fanbel da kwantak da fulogi a cikin but, da sifana biyu uku, kuma ya san kukan injinsa kamar muryar ɗansa. Motar yau kwamfuta ce ke sarrafa ta, idan ta tsaya tsakanin Jebba da Mokwa sai dai a jira mai na'ura ko a ɗaure ta a ja. Yawancin masana'antun da muka lissafa sun durƙushe ko sun ragu ƙwarai, muka koma dogaro da tokumbo. Kanikawan da suka san kafireta suna ta ƙarewa, yaransu sun koma acaba. Motocin kansu kuma 'yan gwangwan na yanka su ana aunawa a kilo. Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana nan a gidan tarihi na Onikan a Legas saboda an san darajarta. Amma motar da ta yi jigilar talakawa, ta kai goro Sakkwato ta dawo da albasa, ba ta samu mai adana ta ba.

Don haka muna roƙon duk wanda ke da tsohuwar Fijo ko Ijapa ko Land Rover a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli ya ɗauke ta hoto ciki da waje, ya cire littafinta da lambarta ya ajiye. Wanda kuma yake da tsohon direba ko bakanike a gidansu ko a unguwarsu, ya zauna da shi ya kunna waya ya naɗi labarinsa: wace mota ya fara ja, wa ya koya masa, kwana nawa ake yi daga Agege zuwa Kano kafin a yi sabuwar hanya. Masu wannan sani yawancinsu sun haura saba'in. Idan akwai wani abin mamaki na motocin dauri da muka tsallake, dattawa su tuna mana, za mu haɗa mu kawo a rubutu na gaba.