Masu Zanen da Ba Su Sa Sunansu Ba

Zane tsohon abu ne a ƙasar Wudil, sai dai bai saba tsayawa shi kaɗai ba. Kullum a jikin wani abu yake: a ƙirjin babbar riga, a fuskar allo, a wuyan tulu, ko a goshin zaure. Mu a Utai mun tashi mun tarar ba a sa wa riga allura sai mai zayyana ya fara bi ta kanta. Yakan shimfiɗa ta a tabarma, ya ɗauki alƙalamin kara da tawada, ya fitar da aska biyu ko aska takwas da tambari, ba tare da magwaji ba. Daga nan maɗinka su karɓa. Rigar za ta je kasuwar Kurmi, ta wuce Barno ko Agadas, a yaba ɗinki, a yaba yadi, amma ba mai tambayar wanda ya zana.

Ba mamaki hannun ya kasance na malamai. Utai mazaunin Joɓawa ne, jama'ar Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin jagororin jihadi a Kano a farkon ƙarni na 19, kuma zuriyarsu ce ta riƙe sarautar Makama. Garin da allo ya yi yawa, zayyana ba ta ƙaranci. Allon sauka, da jan tawada da kore da rawaya, shi ne zane na farko da yaro yake kallo da kyau, kuma daga nan yake koyon cewa ado yana cikin daidaiton layi da ƙulli. Malamai sun yi taka-tsantsan da surar mai rai, shi ya sa gwanintar ta karkata ga dagi da sarƙa da kusurwa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin tawaya ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a na Zariya ya san abin da hannu zai iya da ƙasa tsura.

Hoton gari kuwa, wato a zauna a zana Kano yadda ido yake ganinta, baƙo ne ya fara buga shi a takarda. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya yi 'yan zane-zanensa, aka gyara su aka buga a littafin tafiyarsa da ya fara fitowa a 1857. Mutanen Landan sun ga birni daga kan Dala, su kuwa Kanawan da ke cikin hoton ba su gan shi ba.

Abin ya fara sauyawa da zuwan siminti da fentin gwangwani. Magina a Zariya da Kano suka shiga sa keke da agogo da mota da jirgin sama a bangon attajirai, har Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan irin waɗannan gidaje a 1963. Wannan mataki ne babba: a karo na farko mai ado ya kalli abin da ke wucewa a titi ya ce shi ma ya isa a zana. Sai manyan motoci suka ɗauka. Duk wanda ya zauna bakin gadar Wudil, a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ya sha kallon bayan roka: zaki da ɗawisu, ɗan dambe ya ɗaga hannu, masallaci da itacen dabino. Masu wannan aiki su ne kuma suka yi allunan masu aski da masu shayi, suka zana bangon littattafan soyayya da suka cika Kano daga shekarun 1980. Da yawansu ba su taɓa shiga ajin zane ba.

Ajin yana Zariya. A 1958 ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa a daina kwaikwayon Turai ido rufe, kowa ya koma ya duba gidansu. Magana ce mai kyau, amma yawancinsu 'yan Kudu ne, gidajensu suka duba. Arewa ta shiga zanen zamani ne galibi ta ƙofar hawan salla, kuma Gani Odutokun, malamin jami'ar da ya rasu a 1995, ya yi wa dawakin hawa zane mai motsi ƙwarai. Sai dai daga baya hawan ya zama abin da kowa yake maimaitawa, har ka ɗauka ba abin da ake yi a ƙasar Hausa sai sukuwa. A 1976 David Heathcote ya baje kolin fasahar Hausa a Landan, riguna da alluna da ƙoren da aka sassaƙa, mafi yawansu ba sunan mai yi.

Yanzu akwai samari da 'yan mata da ke zane bayan sun tashi daga makaranta ko shago, wasu ɗalibai ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, yau take ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Mutum ya gama zanensa, ya ɗauka a waya, ya sa a Facebook ko Instagram. Idan wani ɗan gari da ke aiki a Legas ko Jidda ya gani ya ji kewar gida, sai ya turo kuɗi ta banki, a kai maɗaba'a a Kano a buga kwafi, a naɗe a ba direba a tasha. Zane ɗaya yakan fita sau da dama, abin da mai bango bai taɓa samu ba. Wahalar ita ce fenti da takarda mai kyau sun yi tsada, kuma wani yakan kwafe hoton daga waya ya buga abinsa ba ko sannu.

Abin da nake so in gani a hannunsu shi ne abin da ba a taɓa zanawa ba. Karar Wudil ranar Juma'a, da ƙura da ƙahonni da dillalai suna ciniki. Masunta da kwalekwalensu a kogi, masu ɗebo yashi, tukwane jere a rana kafin gashi. Rumbunan Utai bayan kaka, da inuwar da maɗinka ke zama su huɗu a kan riga ɗaya. Kwano ya cinye soraye da yawa, bulo yana bin sauran, kuma zauren da aka rushe bana ba wanda ya ajiye kamanninsa. Mai zana irin waɗannan ya rubuta sunansa da sunan gari da shekara a ƙasan takarda, ya kuma sa lamba a kan kowane kwafi, don mai saye ya san nawa aka buga.